Me ya sa imel ɗin fom yake zuwa da 01/01/1970 idan an bar gurbin kwanan wata fanko?

Wani matashi da ke haɗa wa mutane shafukan intanet a Samaru ne ya aiko da tambayar. Ga ta a taƙaice: "Na yi wa wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada fom ɗin tuntuɓa. Iyaye suna cikewa, saƙo ya tafi imel ɗin makaranta, kwafi kuma ya shiga rumbun bayanai na MySQL. Bayan suna da lambar waya, shugabar makarantar ta ce in ƙara gurbi biyu, ranar haihuwar yaro da ranar da za a zo ganin makaranta. Da harshen PHP na rubuta kod ɗin. Duk wanda ya bar gurbin fanko sai imel ya zo da 01/01/1970. In tilasta a cike ne, ko in sa kwanan watan ranar ya riƙa shiga da kansa?"

Ƙanena, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Uban da ya bar gurbin nan fanko ya riga ya ba ka amsa, kuma amsar tasa ita ce bai sani ba, ko bai tuna ba, ko bai ga dalilin da zai faɗa wa makarantar da bai ma taɓa shiga ba. Aikinka shi ne ka ɗauki wannan amsa ka kai ta ofishin makaranta yadda ya ba ka ita. Abin da ke faruwa yanzu shi ne a kan hanya wani yana cike masa gurbin da abin da bai faɗa ba, kuma hanyoyi biyun da ka kawo duk za su ci gaba da yin hakan ne, sai dai su ɓoye shi ta yadda ba za ka ƙara gani ba.

Mu fara da inda 1970 ɗin ta fito, domin burauza ba ta aiko maka da ita ba. Gurbin kwanan wata na HTML abu biyu kawai yake aikowa: ko dai cikakken kwanan wata a tsarin shekara, wata, rana, kamar 2018-03-04, ko kuma rubutu wayam wanda babu ko harafi ɗaya a ciki. Duk yadda wayar mutum ta nuna masa kalandar, abin da ke isowa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ɗaya ne daga cikin waɗannan biyun. Ban ga kod ɗinka ba, amma na tabbata akwai layi mai kama da wannan a ciki: date('d/m/Y', strtotime($rana)). Idan aka miƙa wa strtotime, wadda aikinta juya rubutun kwanan wata zuwa lamba, rubutu wayam, ba ta gane komai, sai ta mayar da false. Ita kuwa date lamba take jira, lambar sakan nawa suka wuce tun tsakar daren 1 ga Janairu, 1970 a agogon GMT, domin daga nan kwamfutocin da ke bin tsarin Unix suke fara ƙirgen lokaci. PHP ta ga false a inda ake son lamba, sai ta mayar da ita sifili. Sakan sifili bayan 1 ga Janairu, 1970, ai 1 ga Janairu, 1970 ne. Shi ke nan asirin. Da za ka buga har da awa, kuma agogon sabarka yana kan Africa/Lagos, za ka ga ƙarfe 1 na dare, saboda agogonmu yana gaban GMT da awa ɗaya. Da sabar tana bin agogon Amurka, 31/12/1969 za ka gani. Duk wanda ya zo maka da ɗaya daga cikin waɗannan ranaku biyu, ciwo ɗaya ne ke damunsa.

Kai ma ka yi sa'a, domin 1970 tana tona kanta. Yaron da ake nema wa ajin nazare ba zai zama haihuwar 1970 ba, kowa ya gani ya san akwai matsala. Akwai 'yar uwarta da ta fi ta illa. Da new DateTime($rana) ka yi amfani, kuma gurbin fanko ne, PHP ba za ta yi ƙorafi ba, kwanan watan yau za ta ba ka. Haka Carbon::parse take yi wa masu aiki da Laravel idan aka ba ta wayam ko null, wato alamar babu komai. Haka kuma date ɗin kanta, tun daga PHP 8.0, idan null aka ba ta a madadin lamba, lokacin yanzu take ɗauka, alhali a PHP 7 da 1970 take fitowa. Wato kamfanin da ke ajiye maka shafi zai iya ɗaga PHP ɗinsa cikin dare, ka wayi gari 1970 ta ɓace, ka yi zaton ciwo ya warke, alhali ya koma ciki ne. To ka dubi shawararka ta biyu, ta sa kwanan watan ranar ya shiga da kansa. Wannan kuskuren ne kake shirin rubutawa da hannunka. A gurbin haihuwa, kowane yaro zai zama jaririn da aka haifa ranar da aka cike fom. A gurbin ziyara kuwa, sakataren makaranta zai buɗe imel ya ga iyaye suna zuwa yau, ya gyara ofis, ya sanar da shugaba, a zauna jira har a tashi babu wanda ya leƙo.

Sai rumbun bayanai, wanda ba ka yi ƙorafi a kansa ba, amma ina roƙonka ka buɗe phpMyAdmin, manhajar duba rumbun, ka duba teburin yau ɗin nan. Idan abin da ka riga ka juya kake zubawa, za ka tarar da layuka cike da 1970-01-01. Idan kuma wayam ɗin kake zubawa kai tsaye a gurbi mai nau'in DATE, abin da zai faru ya danganta ga saitin MySQL ɗin. Tun daga zubi na 5.7 tsauraran ƙa'idoji suke zuwa a kunne, sai ta ƙi karɓa ta ba da kuskure mai lamba 1292, kuma idan kod ɗinka ba ya duba ko ajiyar ta yi nasara, imel zai tafi, kwafi bai shiga ba, kai ba ka sani ba. Idan an sassauta ƙa'idojin, sai ta karɓa ta rubuta 0000-00-00. WordPress da kanta take sassauta su duk lokacin da ta haɗu da rumbun, shi ya sa wannan sifilayen suka yi yawa a shafukan da aka gina da ita. Ranar da ka ɗauko 0000-00-00 ka sake bi da ita ta strtotime, abin da za ka gani shi ne 30/11/-0001. Sauran manhajoji ma kowacce da tata ranar: SQL Server tana mayar da wayam 1 ga Janairu, 1900, Excel tana nuna sifili a matsayin rana ta 0 ga Janairu, 1900, Google Sheets kuma 30 ga Disamba, 1899. PostgreSQL ce ke ƙin karɓa kai tsaye, kuma ni a ganina ita ce ta yi daidai.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a wurinmu fiye da yadda take a wurin waɗanda suka rubuta waɗannan manhajoji. A nan, 1 ga Janairu ranar haihuwa ce ta mutane da yawa a takarda. Dattijon da aka haifa a ƙauye ba a rubuta ba, in ya je yin takardar rantsuwar shekaru a kotu, ko katin ɗan ƙasa, ko buɗe asusun banki, sau da yawa shekarar ake ƙiyastawa a ɗora mata 1 ga Janairu. Saboda haka akwai mutane masu rai a Zariya da 01/01/1970 ce ranar da ke jikin katinsu. Na taɓa karɓar aikin gyara wa wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa rajistar marasa lafiya, inda fom ɗin neman ganin likita ya daɗe yana zuba 1970 a duk gurbin da aka bari fanko. Da muka zo tsaftacewa, ba mu da hanyar bambance wanda kwamfuta ta ƙirƙira wa ranar da wanda da gaske haka katinsa yake. Sai da ma'aikaciyar rajista ta riƙa tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya duk ranar da suka dawo, aikin da ya ci watanni. Kuma kafin a gano, akwai takardun da aka buga da shekarun da ba na masu su ba, a wurin da shekarun mutum suke shiga lissafin magani. Tun daga lokacin ban ƙara ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin kuskuren kwalliya ba. Gurbin da ke fanko yana sa ma'aikaci ya ɗaga kai ya yi tambaya. Gurbin da aka cike da ƙarya ba ya sa kowa tambaya.

Gyaran kansa ba shi da tsawo. Ka duba kafin ka juya, kuma ka san cewa hali uku ne za ka tarar, ba biyu ba: an bar gurbin fanko, an cike shi daidai, ko an rubuta abin da ba kwanan wata ba ne.

$danye = trim($_POST['ranar_haihuwa'] ?? '');
$rana = null;
if ($danye !== '') {
    $d = DateTime::createFromFormat('!Y-m-d', $danye);
    if ($d && $d->format('Y-m-d') === $danye) {
        $rana = $d;
    } else {
        $kuskure = 'Ba a gane kwanan watan ba, a sake dubawa.';
    }
}
$na_imel = $rana ? $rana->format('d/m/Y') : 'ba a cike ba';
$na_rumbu = $rana ? $rana->format('Y-m-d') : null;

Ka lura da abu biyu a ciki. Na farko, ban dogara da isset ba, domin isset tana cewa eh ga rubutu wayam tunda gurbin ya iso, fanko ne kawai. Mutane da yawa a nan suke faɗawa: sun sa isset, sun ɗauka sun yi tsaro. Na biyu, bayan na juya rubutun sai na sake mayar da shi na kwatanta da abin da aka aiko. Dalili shi ne createFromFormat ba ta ƙin ranar da babu ita a kalanda, tura ta gaba take yi. Ka ba ta 2025-02-30 ta ba ka 2 ga Maris. Kwatantawar nan ce ke kama ta. Alamar motsin rai da ke gaban Y kuwa tana hana awa da mintin yanzu maƙalewa a jikin ranar.

A ɓangaren teburi, gurbin ya zama DATE mai karɓar NULL, kuma NULL ɗin gaske za ka tura, ba kalmar da aka sa cikin alamar zance ba. Idan da PDO, hanyar PHP ta magana da rumbun, kake aiki kana miƙa ƙimomi ta execute, null ɗin PHP yana shiga a matsayin NULL ba tare da wata dabara ba. A WordPress, insert ɗin wpdb yana karɓar null, amma prepare mai %s yana mayar da shi rubutu wayam, ka koma gidan jiya. Amfanin NULL shi ne rumbun ya san ma'anarsa: idan shugaba ta ce a fitar mata da matsakaicin shekarun masu neman shiga, AVG za ta tsallake waɗanda ba a sani ba, maimakon ta haɗa yara 'yan shekara huɗu da wasu da suka haura hamsin. Abin da za ka riƙe kawai shi ne ba a neman sa da alamar daidai, sai an ce IS NULL.

Kafin ka taɓa komai ma, ka buga abin da ke isowa ɗanye ka gani da idonka. Na sha ganin wanda ya kwana yana faɗa da strtotime, ashe sunan gurbin a HTML daban, sunan da PHP ke nema daban, harafi ɗaya ya bambanta su. A irin wannan hali ko an cike ko ba a cike ba, 1970 ce za ta zo. Gurbin da ba shi da name ba ya tafiya sam, haka wanda aka sa wa disabled. Idan ka cike fom ɗin da kanka da rana mai kyau imel ya zo daidai, to ba wannan ba ne naka.

Yanzu hali na uku, abin da ba kwanan wata ba. Za ka ce ta ina zai shigo tunda kalanda ce ke buɗewa a waya? Ba a kowace waya ba. Opera Mini, wadda har yanzu mutanenmu da yawa ke amfani da ita don tattalin data, ba ta san gurbin kwanan wata ba idan tana yanayin matse shafi, sai ta nuna shi a matsayin akwatin rubutu kawai. Uba zai rubuta 25/03/2018 yadda aka koya mana a makaranta, rana, wata, shekara. To strtotime idan ta ga karan tsaye tsakanin lambobi, tsarin Amurka take ɗauka, wata kafin rana. Babu wata na 25, sai ta mayar da false, sai 1970 ta sake fitowa alhali mutumin ya cike. Wannan ma da sauƙi. Wanda ya rubuta 04/03/2018 yana nufin 4 ga Maris, ita kuma za ta karanta 3 ga Afrilu ta wuce shiru. Idan da gajeren layi ko ɗigo aka raba lambobin, sai ta karanta rana kafin wata. Saboda haka wani kaso na 1970 ɗin da makarantar ke gani mai yiwuwa ba na gurbi fanko ba ne, na iyayen da suka yi ƙoƙarinsu ne kod ya watsar. Idan kana son karɓar irin wannan rubutu, ka ƙara gwaji na biyu da createFromFormat a tsarin j/n/Y, kai ne ka faɗa mata wace lamba ce rana, kada ka bar ta ta yi hasashe. Wani abin kuma: wanda ya sa rana da wata a kwamfuta bai sa shekara ba, burauza tana ɗaukar gurbin a matsayin wayam gaba ɗaya. Yawanci takan tsayar da shi ta ce ya kammala, amma idan fom ɗin yana da novalidate, umarnin da ke kashe tantancewar burauza, ko JavaScript ne ke turawa ba tare da tantancewa ba, zai wuce a matsayin fanko.

Tunda na ambaci JavaScript, idan akwai inda yake taɓa ranar kafin ta tafi, shi ma yana da nasa halin. new Date("") yana ba da Invalid Date, kuma kiran toISOString a kansa yana tsayar da kod ɗin, mutum ya yi ta danna maɓallin aikawa babu abin da ke motsi. new Date(null) yana ba da 1970. Sannan ranar da aka gina da tsakar dare a agogon Nijeriya, idan aka bi da ita ta toISOString, komawa take ƙarfe 11 na daren jiya, yaro ya rasa kwana ɗaya. Ranar haihuwa ba ta da awa, ba ta da yankin agogo. Ka bar ta a matsayin rubutun da burauza ta bayar har ta isa saba.

Me za a rubuta a imel ɗin? A nan na bambanta wasiƙa biyu. Wadda ke zuwa ofishin makaranta, ka bar layin ka rubuta "Ranar haihuwa: ba a cike ba." Idan ka cire layin ɗungurungum, sakatare ba zai san ko uban ne bai cike ba ko fom ne ya lalace, kuma ba zai tuna ya tambaya ba idan ya kira waya. Wadda ke komawa wa uba ta tabbatar masa saƙonsa ya iso, ka cire layin, domin babu daɗi a aika wa mutum "Muna jiran ku ranar" sannan fili. Gara jimlar ta sauya baki ɗaya: in ya zaɓi rana a ambace ta, in bai zaɓa ba a ce za a kira shi a tsayar da rana. Masu Contact Form 7 suna da akwatin da ake latsawa a sashen saitin wasiƙa wanda ke cire duk layin da gurbinsa ya zo fanko, Mailchimp kuma yana da alamomin IF da ELSE da ake sakawa cikin samfurin wasiƙa don irin wannan. Kai da ka rubuta naka da hannu, if ɗaya ya ishe ka. Kuma da ni ne, ba zan aika 04/03/2018 a imel ba. Zan yi jerin sunayen watanni goma sha biyu da Hausa in rubuta "4 ga Maris, 2018", yadda babu mai karanta shi a juye.

Mu dawo kan tilastawa, wadda ita ce shawarar da ta fi jan hankali saboda kalma ɗaya ce, required, ka ƙara a HTML ka huta. Da farko dai, burauza kaɗai take bin wannan umarni, duk wanda ya tura saƙo kai tsaye zuwa saba ya tsallake shi, don haka binciken da ke cikin PHP yana nan dole. Amma babbar matsalar ba ta fasaha ba ce. Ka tsaya a matsayin mahaifiyar da ke Gyallesu ko Kwarbai, tana riƙe da waya da dare, tana son ta ji kuɗin makaranta nawa ne. Ta san an haifi yaron a watan Azumi, shekarar da aka yi bikin ƙanwarta. Takardar haihuwar tana cikin akwatin maigida, shi kuma yana Kano. Fom ya ƙi tafiya sai ta zaɓi rana. Abu biyu za ta yi: ko ta rufe shafin, makaranta ta yi asarar ɗalibi, ko ta dangwala duk ranar da yatsanta ya faɗa a kai. Kalandar waya ma a kan watan da ake ciki take buɗewa, kuma ba kowa ya san ana taɓa shekarar da ke sama a yi tsalle ba, sai ka ga mutum yana ja baya wata bayan wata har ya gaji. Sakamakon tilastawa shi ne teburi cike fal, babu gurbi fanko ko ɗaya, kuma babu wanda ya san wanne ne gaskiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da zan ba ka shawara ka koma wurin Hajiya shugabar makaranta da shi tambaya ce: me za a yi da ranar haihuwar a wannan mataki? Kusan kullum amsar ita ce a san ajin da ya dace da yaron. To shekarunsa ko ajin da ake nema masa sun wadatar, cikakkiyar ranar a karɓe ta ranar rajista daga jikin takardar haihuwa. Wannan ya fi dacewa da dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ce a tattara iya abin da ake bukata don manufar da aka bayyana, ta kuma nemi amincewar iyaye idan bayanan yaro ne. Cikakken sunan yaro da ranar haihuwarsa da lambar wayar gidansu suna yawo a akwatin imel da ma'aikata da yawa suka san kalmar sirrinsa, ba abin da za a tara ba ne babu dalili. Idan ta dage sai ranar, to ka raba ta gida uku, akwatin rana, jerin watanni da sunayensu, akwatin shekara, kamar yadda jagorar tsara shafukan gwamnatin Birtaniya ta zaɓi akwatuna uku ga ranakun da mutum ya haddace. Ka bar wanda ya san shekara kaɗai ya ba da ita, ka ajiye ta a gurbinta daban, kada ka ɗora mata 1 ga Janairu don ta cika. Ka kuma rubuta ƙarƙashin gurbin, da Hausa, cewa wanda bai tuna ba ya bar shi. Wanda ya zo da lissafin Hijira, ka ba shi akwatin ƙarin bayani ya rubuta yadda ya sani. Kada ka juya masa da manhaja ka ajiye kamar tabbas, domin ranar da aka ga wata a nan bisa sanarwar Sarkin Musulmi tana iya bambanta da ta kalandar lissafi da kwana ɗaya.

Gurbin ranar ziyara shi kalanda ta dace da shi, tunda rana ce mai zuwa nan kusa. Ka sa masa min don kada a zaɓi ranar da ta wuce, ka sake duba hakan a saba, ka bar shi ba dole ba.

Akwai wani rami da ba ka kai ba tukuna amma za ka kai, ranar da makarantar ta ce a riƙa sabunta bayanin mutum idan ya sake cike fom, ko a riƙa tura shi wata manhajar aika saƙonni. Uba ya cike a watan Agusta da ranar haihuwa daidai. A Satumba ya dawo yana tambayar kuɗin mota, ya bar gurbin fanko domin ya riga ya faɗa. Idan kod ɗinka yana rubuta duk abin da ya iso a kan tsohon layi, NULL zai goge ranar gaskiya. A fom ɗin tuntuɓa, fanko yana nufin ban faɗi komai ba a wannan karon, don haka kada a taɓa abin da ke nan. A shafin da ma'aikaci ke gyara bayanan ɗalibi, inda tsohuwar ranar take a rubuce ya goge ta da hannunsa, a nan ne fanko yake nufin a cire. Ƙa'idar JSON Merge Patch ta 2014 ta tsara wannan bambanci sarai: gurbin da ba a aiko ba a bar shi yadda yake, wanda aka aiko da null a share shi. Ba kowane kamfani ke bin ta ba, wasu da rubutu wayam suke sharewa, don haka abin da ya fi aminci shi ne idan gurbin fanko ne kada ma ka sa sunansa cikin abin da za ka tura.

Saura layukan da suka riga suka gurɓace. Ka fara sauke kwafin teburin ka ajiye. Ka sauya gurbin ya karɓi NULL. Tunda naka na yaran firamare ne, ba ka cikin tsaka mai wuyar da muka shiga a asibitin nan: duk ranar haihuwar da ta gaza 1971 ka mayar da ita NULL hankali kwance, wannan zai kwashe 1970 da 1969 da sifilayen gaba ɗaya. Haka gurbin ziyara. Idan akwai lokacin da kwanan watan yau ya riƙa shiga, ka nemo layukan da ranar haihuwa ta zo ɗaya da ranar da aka aiko fom. Waɗanda wata da rana suka juye kuwa ba za ka gane su daga teburi ba, sai an kwatanta da takardun rajista, kuma ya kamata ka gaya wa makarantar haka a fili domin kada su dogara da tsofaffin imel ɗin wajen cike wa yaro wata takarda.

Idan ka gama, ka gwada da hannunka sau shida kafin ka ce musu an gyara: fanko, sarari kaɗai da aka danna, 2025-02-30, 25/03/2018, 04/03/2018, da rana mai kyau. Kowane gwaji ka duba wuri uku, imel ɗin ofis, imel ɗin uba, da layin da ya shiga teburi. Ɗaya daga cikin gwajin ka ari ƙaramar waya mai Opera Mini ka yi shi a kanta.